Bijimi a Cikin Kwali

Ga ta nan ga ta nanku, sai dai wannan babu gizo babu ƙoƙi. A Gonin Gora aka yi ta, bayan masu burodi, a wani layi da kowa ya san abin da ke tafasa a tukunyar kowa.

A layin nan akwai wani mutum wai shi Jethro. In ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara kwalar riga ya ce, "Harkoki." Ya taɓa sayar da maganin ɓera, ɓerayen suka yi ƙiba. Ya taɓa buɗe wurin cajin waya, ranar farko ya ƙona wayar fasto. Makaranta kuwa, ya ce ya bar ta ne don malamai sun fara damun sa da tambayar abin da ba su gane ba. Duk da haka in Jethro ya buɗe baki, sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a gina matatar mai.

Gidaje bakwai ne a layin suke yin watanda duk Kirsimeti. Tun farkon shekara kowa yana kawo ɗan abin da ya samu, a tara, in lokaci ya yi a sayi sa, a yanka ranar jajibiri, a kasa naman kashi bakwai. Baba Ishaku, tsohon ma'aikacin masaƙa, shi ne shugaba tun kafin a haifi rabin mutanen layin, shi kuma ke zuwa kara, kasuwar shanu, ya zaɓo sa. To a wannan shekara gwiwa ta kama Baba Ishaku, ko bakin ƙofa sai da sanda.

Aka zauna a gindin mangwaron gidansa ana neman wanda zai je.

"Baba, ka huta," in ji Jethro. "Dillalan karan Zango duk yarana ne. In sun hango ni, da kansu suke rage kuɗi."

Mama Scholastica, shugabar zumuntar mata, ta dube shi sama da ƙasa. "Kai da ba ka bambance sa da saniya?"

"Mama, ni ko a hoto na ga sa ina faɗa miki nauyinsa."

"A hoton dai."

Amma sauran mazan duk ma'aikata ne, wannan yana ofis, wancan yana kamfani. Jethro kaɗai Allah ya hore wa lokaci. Baba Ishaku ya miƙa masa jakar, bai saki ba sai da ya gama magana.

"Abu ɗaya nake so, ɗana. Safiyar jajibiri in ga sa ɗaure a jikin mangwaron nan. In babu, gida bakwai za su ci Kirsimeti ba nama."

"Baba, ka fara wasa haƙoranka kawai."

Jethro bai kai kara ba. Keke Napep ɗin da ya hau ya lalace a Kakuri, daidai ƙofar shagon Tony mai sayar da kayan waya da na gem. Samari sun yi cincirindo a bakin shagon, wasu har suna ɗage. Jethro kuwa ba ya ganin taro ya wuce, ko na jana'iza ne sai ya leƙa ya ba da shawara. Ya kutsa.

"Tony, me ake rabawa?"

"Ba a raba komai, oga. Kallo ake. Fayif ce."

Wani farin kwali ne babba a saman kanta. A cikinsa akwai sabuwar na'urar gem ɗin nan da ake jonawa da talabijin, mutum ya riƙe hannunta yana dannawa, ya buga ƙwallo ya ci kofi ba tare da ya yi gumi ba. Yara suka raɗa mata Fayif. A shekarar nan ta yi wuyar samu, ga hutun Kirsimeti ya matso, kowane yaro ita yake mafarki.

"Kaduna kaf ita kaɗai ce," in ji Tony. "Wani ya je Abuja nema, da hotonta ya dawo. Kuɗinta na jiya ba shi ne na yau ba, na yau kuma gobe ya zama tarihi. 'Ya'yan masu kuɗi sun daina cin abinci, iyayensu suna ta kira na kamar ni ne likita."

"To me ya hana ka sayarwa?"

"Wanda ya yi alkawari bai zo ba, ni kuma yau zan kama hanyar gida, ana auren ƙanwata. Wanda ya riga ajiye kuɗi shi ke da kaya."

Jethro ya taɓa jakar da ke hammatarsa, kansa ya fara aiki, wanda kuma duk ranar da ya fara aiki sai wani ya yi kuka. Sa yana cin dusa. Sa yana kashi. Sa yana iya tsinke igiya, yana iya kwanciya lafiya a wayi gari ya miƙe ƙafa. Wannan kuwa ba ci ba sha, tana kwance tana ƙiba. In ya saye ta yau ya ajiye, kafin jajibiri ta zama shanu biyu. Har ya hango kansa yana shigowa layi, bijimi a dama bijimi a hagu, mata suna guɗa, Mama Scholastica tana neman gafara.

Ya zazzage jakar a kan kanta.

"Abu ɗaya," in ji Tony yana miƙa masa kwalin. "Kar ka yanke tef ɗin nan. Da zarar an buɗe ta zama ta hannu, kuɗinta ya faɗi."

"Ni za ka koya wa harka?"

Ya shiga gida ta bayan layi, kwali lulluɓe da buhu. Matarsa Lizzy tana tsince shinkafa.

"Baban Joy, ina san?"

"Ga shi."

"Wannan kwali ne."

"Shanu biyu ne, ba su farka ba tukuna."

Ya yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Lizzy ta ajiye tire, ta zauna a bakin gado.

"Ranar da aka ɗaura mana aure gwaggona ta yi ta kuka," in ji ta. "Ni na ɗauka na murna ne."

"Za ta zo cin tozo, ki faɗa mata."

Ya ɗora kwalin a saman sif, ya rufe shi da zanen cocinta.

Washegari da sassafe sai ga Mama Scholastica a ƙofa, tana leƙen bayan gida.

"Ban ji kukan sa ba."

"Yana Rido, Mama, wajen wani abokina. Kiwon gata ake masa. Iskar matatar mai tana sa dabba ƙiba, likitoci ma sun sani."

"Wane launi ne?"

"Fari tas."

"Yana da cin abinci?"

"Bai da ɓarna ko kaɗan."

"To ai ba za mu bar wa baƙo ɗawainiya ba. Sanmu ne, mu za mu ciyar da shi."

Kafin rana ta take, ƙofar Jethro ta zama juji. Wannan gida ya aiko dusa, wancan ɓawon doya, wani ƙanzon tuwo, wata tsohuwa ta kawo kanwa wai ya lasa. Haka ake yi kowace shekara, kowa ya sa wa sa albarka da abin da yake da shi. Jethro ya cika buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya yi sallama da kowa wai ya tafi Rido. Yana shan kwana ya shige wani kango, ya zazzage, ya zauna ya huta, ya dawo yana ba da labarin yadda san ya gaishe shi.

Awakin Gonin Gora ba su yi boko ba, amma sun fi Jethro lissafi. Suka gane kangon, suka gane mai buhun, daga nan suka gane gidansa. Yana buɗe ƙofa da safe sai ya tarar da su a jere kamar masu jiran albashi. In ya tafi shago suna biye. In ya tsaya gaisawa da mutum su tsaya. Ranar Lahadi ya sha farin yadi ya nufi coci a makare, fasto yana tsakiyar wa'azi a kan makiyayi mai kyau, sai ga Jethro ya shigo, akuya uku da bunsuru a bayansa.

Mama Scholastica ta juyo daga bencin mata. "Fasto, ka huta, ga shi ya iso da kansa."

Aka yi ta dariya har mai ganga ya faɗo daga kujera. Jethro ya daure, da aka tashi ya tsaya a bakin coci yana bayani.

"Ƙanshin san ne a jikina. Dabba ta san babba. Ku dai ku nemi manyan robobi, don ba mamaki ya zo da ɗan'uwansa."

"Shanu biyu?"

"Ni ban faɗa ba. Amma ban ƙaryata ba."

Kafin yamma labari ya zaga layi. Wata ta fasa sayen kaza. Wani ya kira 'yan'uwansa na ƙauye ya ce su zo da yaransu duka.

Ana nan sai ga wata doguwar mota a ƙofar Jethro. Wani mai tumbi ya fito, ya ce sunansa Godwin, a matatar mai yake aiki, Tony ne ya ba shi kwatance. Ɗansa ya kulle kansa a ɗaki, ya ce shi da tuwo sai an kawo Fayif. Jethro ya shigar da shi, ya ɗage zane kaɗan ya nuna masa gefen kwalin kamar mai nuna amarya. Godwin ya faɗi abin da zai bayar. Kuɗi ne da zai sayi bijimi, ya sayi maraƙi, har a samu na kayan miya.

Bayan labule aka yi tari.

Jethro ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Oga, wannan kuɗin makon jiya ne."

Aka sake tari, mai ƙarfi.

"Wa ke tari haka?" in ji Godwin.

"Kaza ce."

Lizzy ta bankaɗo labule. "Kazar ta ce ka karɓa."

"Mata ba su san harka ba, oga, ka yi haƙuri. Ka je ka yi tunani. Wani babba daga Abuja ma ya kira, na ce masa ya bi layi."

Godwin ya tashi, ya kaɗe wandonsa, ya ce Allah ya kawo kasuwa. Lizzy ta raka motar da ido har ta ɓace, sannan ta dubi mijinta.

"Ka ga wancan? Namanmu ne ya sha kwana."

"Zai dawo da rarrafe."

Bai dawo ba. Jethro ya zauna gadin waya, ya yi mata caji, ya girgiza ta, ya sa Lizzy ta kira shi don ya tabbatar tana ƙara. Shiru. Abin da ya manta shi ne, in Kirsimeti ya matso, kudancin garin Kaduna kwashewa yake. Duk mai mota ya loda buhun shinkafa da 'ya'ya ya nufi gida, wannan Jos, wancan Lafiya, wancan Kafanchan. Masu kuɗin sayen Fayif su suka fara tafiya. Da Jethro ya gaji ya sauke girman kai ya kira Godwin.

"Oga, na yi tunani, saboda yaron zan taimaka maka."

"Ai muna Gboko. Na saya masa keke. Ya yi kuka, ya gaji, yanzu haka tuwo yake ci."

Jethro bai karaya ba. Ya ce ai manyan ƙasar nan duk ta ƙofar gidansa suke wucewa zuwa Abuja. Ya sauke kwali, ya ɗora a ka, ya fita bakin titi tsakiyar masu burodi.

Charity, wadda teburinta ya fi na kowa tsawo, ta ƙare masa kallo. "Baban Joy, wannan burodin wane gida ne?"

"Matsa, 'yar'uwa. Wannan ba kayan shayi ba ne."

Mota tana rage gudu, masu burodi suka ruga, Jethro ya ruga. Su ledarsu ba nauyi, shi kuwa kamar ya ɗauko ƙaramin firji. Kafin ya isa, an saya, an biya, an tafi. Wata mata ta leƙo ta tambaye shi ko tukunyar gas ce. Wani direba ya tambaye shi a ina ya sato. Can sai wata baƙar jif ta tsaya, gilashi ya sauka, wani mai tabarau ya yafito shi.

"Fayif ce da gaske?"

"Ranka ya daɗe, ita kaɗai ce a Arewa."

"Buɗe mu gani."

"In na buɗe kuɗinta ya faɗi."

"In ba ka buɗe ba, ta ina zan san ba bulo ba ne?"

"In na buɗe kuma ba ka saya ba fa?"

"In na saya kuma bulo ne fa?"

"Ranka ya daɗe, dubi fuskata."

Mai tabarau ya cire tabarau, ya dubi fuskar da kyau, ya mayar da tabarau. "Ke mai burodi, ba ni biyu."

Jif ta tashi. Jethro ya bi ta da gudu yana rage kuɗi, kwali ya rufe masa ido, ya yi karo da teburin Charity. Burodi ya watse a kwalta, wata tirela ta bi ta kan rabi ta mayar da su kamar tabarma. Shi kuwa ya faɗi rungume da kwalinsa, ya tashi yana duba tef.

"Wa ya ce ki ajiye tebur a hanyar 'yan kasuwa?"

Charity ta tayar da teburinta. Ta durƙusa tana tsince abin da ya saura, ta ɗago sau ɗaya ta dube shi, ta ci gaba.

Ana gobe jajibiri Jethro ya ce to ai mai shanu ma yana da 'ya'ya. Ya ɗauki kwali sai karan Zango, wurin da tun farko aka aike shi. Ya tarar da turaku a tsaye ba dabbobi. Wani dillali, Alhaji mai jan rawani, yana zaune a kan benci yana sakace.

"Alhaji, ina shanun?"

"Ka ɗauka a gidanku kaɗai ake Kirsimeti? An kwashe. Ga waccan ta rage."

Wata tsohuwar saniya ce mai ido ɗaya, haƙarƙarinta a fili kamar kwarangwal ɗin rumfa. Da Alhaji ya faɗi kuɗinta sai Jethro ya nemi wurin zama. Yana can yana gadin farashin Fayif, ashe na shanu ya wuce shi a guje.

"Musaya na zo mu yi," in ji shi, ya dire kwalin. "Wannan a bakin shanu biyu take, amma tunda kai ne, ba ni ɗaya mai kyau."

Alhaji ya zagaya kwalin, ya ɗan buga gefensa da sanda. Sauran dillalai suka matso.

"Tana ba da nono?"

"A'a."

"Tana noma?"

"Gem ake bugawa da ita."

"Ta ina ake duba haƙoranta?"

"Alhaji, 'ya'yanka za su yi maka addu'a."

"'Ya'yana in suna son wasa, ga shanu nan su bi. In na kai wa Bafulatani kwali na ce kuɗin sansa ne, kai za ka je ka karɓi sandar?"

Jethro ya sauko har kan mai ido ɗaya. Alhaji ya ce ita ma kuɗi take ji, ba ta jin Turanci. Abin da Jethro ya iya saya a kara ranar nan shi ne igiya.

Rana ba ta ƙarya. Safiyar jajibiri gindin mangwaro ya cika. An shimfiɗa kwanon rufi, an hura wutar babbaka, mata sun jeru da robobi, wata har da baho saboda labarin shanu biyu. Malam Zakariyya'u mahauci ya iso daga Unguwar Sanusi da wuƙaƙensa. Shi ake kira kowace shekara ya yanka, don in an aika wa abokan arziki Musulmi abinci su ci ba shakka. Baba Ishaku yana kan kujera, sanda a tsakanin ƙafafu.

Sai ga Jethro ya ɓullo yana tura baro, farin kwali a ciki, ɗaure da igiyar shanu. Ya sauke shi, ya ɗaura ƙarshen igiyar a jikin mangwaro, ya share gumi.

"Jama'a, kafin kowa ya yi magana, ku fara gode wa Allah da ya ba ku mai hangen nesa."

Ya yi jawabi. Ya kawo batun tattalin arzikin duniya, da jiragen ruwa, da yadda nama ke kawo hawan jini. Ya ce abin da ke ɗaure a nan shanu biyu ne, sai dai sai an yi haƙuri zuwa Janairu kafin su fito.

Mama Scholastica ta ajiye robarta a hankali. "Dusar da muka yi ta ba ka fa?"

"Ta shiga hannu nagari."

"Ka ce fari ne tas."

"Mama, dube shi. Na yi ƙarya?"

Mata suka yi kansa da ludaya da murafen tukwane. Baba Ishaku ya buga sanda a ƙasa, kowa ya tsaya.

"Ba a dukan mutum a watanda," in ji shi. "Muna da doka tun ranar da muka fara. Abin da kuɗin watanda ya saya, shi ake ɗorawa a kan kwano a raba. Shekarar da muka sayo sa mai ƙaho ɗaya, shi muka raba. Malam, bismilla."

Malam Zakariyya'u ya zagaya kwalin yana neman wuya. Da ya ga tef sai ya sa wuƙa, bakinsa ya yi bismilla don sabo, ya ja.

"Wayyo," in ji Jethro. "Kun yanka sa guda."

"Ai abin da muka zo yi ke nan," in ji mahauci.

Mahauci ya fede kwali, ya fito da kayan ciki ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan kwano: uwar na'urar, hannun dannawa, wayar wuta, wayar talabijin, wata siririyar waya, da wani ɗan faifai da ake tsayar da ita a kai. Ya ƙara da kwalin kansa, kashi bakwai cif. Ya ja baya ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, kashin nan bai yi daidai ba. Wannan babbar ta rinjayi sauran. Sai an sare ta." Ya ɗauko gatarin fasa ƙashi.

Jethro ya yi tsalle ya kwanta a kan na'urar. "Ku sare ni tukuna."

"Kai ba ka da auki," in ji Mama Scholastica.

"Baba, a yi ƙuri'a. Kai da ƙafa da fata ai ba a sare su, ƙuri'a ake musu. Ni na yarda. Wanda Allah ya ba, ya ba shi."

Ya faɗi haka ne don dabara ta faɗo masa. Yadda ake ƙuri'ar, kowane gida zai kawo 'yar alama, tsinke ko dutse ko ganye, a ba wani mai wucewa da bai san ta kowa ba, ya ɗora a kan kashi-kashi. Jethro ya ce shi zai je ya kira mai wucewa. Yana fita ya ci karo da Charity, tiren burodi a ka. Ya tare ta da murmushi kamar ba a taɓa yi ba.

"'Yar'uwa, abin da ya wuce ya wuce. Murfin kwalba nawa ne. Ki ɗora shi a kan babban, in na sayar zan saya miki sabon tebur."

"A kan babban?"

"Wanda ya fi kowa girma."

"To."

Charity ta karɓi alamomin a tafin hannu. Ta ɗora ganye a kan uwar na'ura, Mama Scholastica ta ce amin. Ta ɗora dutse a kan hannu, ya zama na Baba Ishaku. Wayoyi suka tafi, faifai ya tafi. Ta ɗauki murfin kwalba, ta ɗaga shi sama kowa ya gani, ta ajiye a kan kwali.

"Charity, ba haka muka yi ba."

"Au, da kun yi wata magana ne?" in ji Baba Ishaku.

"Ya ce wanda ya fi girma," in ji Charity. "Ku auna."

Aka kwashe da dariya har mahauci ya ajiye gatari ya riƙe ciki. Baba Ishaku ya yanke hukunci: in mutane sun dawo daga ƙauye, masu kashi shida za su haɗa kayansu su sayar, abin da aka samu a nemi ko rago ne. Kafin nan yara su more. Amma akwai sauran magana.

"Gobe baƙi za su zo, za a kuma kai wa maƙwabta abinci. Ni tsoho ne, ba zan iya tsayawa ina bayanin inda nama ya shiga ba. Jethro yana da baki. Duk kwanon da ya fita daga layin nan, shi zai raka shi."

Haka aka yi. Ranar Kirsimeti aka fito da talabijin gindin mangwaro, aka tayar da janareto, kowa ya kawo kashinsa aka jona. Jethro ya zo da kwalinsa ya tambaya inda za a sa shi, aka ce ba a bukata. Yara suka kama layin buga ƙwallo. Baba Ishaku ya ƙi sakin hannun, ya ce kasonsa ne, sai da na'urar ta yi ta zura masa ƙwallaye har ya daina tambayar wane ne shi a cikin filin.

Jethro kuwa yana kan hanya. Wannan gida ya ɗora masa kula, wancan ya kira shi ya tsaya gaban surukai. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙa shinkafa da miya, a buɗe, a juya cokali, a ɗago a dube shi.

"Barka da Kirsimeti. Naman yana nan, sai dai ya ɗan makara."

A gidajen farko yana haɗawa da jiragen ruwa da hawan jini. Zuwa la'asar murya ta dishe, jiragen ruwa sun nutse, saura barka da makara kawai. Wata tsohuwa a Unguwar Sanusi ta tausaya masa ta ba shi ƙafar kaza, bai kai baki ba jikanta ya yi kuka, ya mayar.

Da yamma ya dawo gida yana jan ƙafa, ya zube a kan tabarma. Daga gindin mangwaro ana jiyo ihun yara, an sake cin Baba Ishaku. Lizzy ta kawo kwano ta dire a gabansa, ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Saura gida ɗaya," in ji ta.

Jethro ya buɗe murfi. Ya juya shinkafar dama, ya juya ta hagu, ya tono har ƙasa. Ya ɗago ya dubi matarsa, ya ga ba wasa a fuskar. Sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fuskanci kwanon.

"Barka da Kirsimeti, Jethro," in ji shi a hankali. "Naman yana nan."

Ƙurunƙus, kan bunsurun Gonin Gora.